Dashen Haƙori a Ƙetare: Ƙashi Ba Ya Bin Ranar Tikiti

A kan iyakar Meziko da Amurka, daura da garin Yuma na jihar Arizona, akwai wani ɗan ƙaramin gari mai suna Los Algodones. Mazaunansa ba su wuce 'yan dubbai ba, amma likitocin haƙorin da ke aiki a cikinsa ɗaruruwa ne, asibiti na jingine da asibiti a 'yan titunan da mutum zai zagaye da ƙafa cikin ɗan lokaci. Idan hunturu ya shigo, tsofaffin Amurkawa da 'yan Kanada kan ajiye motocinsu a tsallaken iyaka, su tako da ƙafa tun da safe, a gyara musu baki, su koma da yamma. Turai ma tana da nata irin waɗannan garuruwa. Sopron da Mosonmagyaróvár na ƙasar Hangari sun daɗe suna cin kasuwar maƙwabtansu 'yan Ostiriya da Jamusawa, kuma bayan Hangari ta shiga Tarayyar Turai a 2004, jiragen sama masu araha suka fara kwaso Turawan Ingila zuwa Budafes. Yanzu kuwa Turkiyya ce ke tashe: Santambul, Antaliya da Izmir sun cika da asibitocin da ke tallar dashen haƙori haɗe da ɗakin otal da motar da za ta ɗauko mutum daga filin jirgi.

Ba na cikin masu yi wa waɗannan matafiya kallon wawaye, kuma ba na cikin masu cewa likitan Turkiyya ko na Meziko bai kai na Landan ba. Akwai gwanaye a can, akwai marasa ƙwarewa a nan, kowace ƙasa da nata. Abin da nake gani shi ne, dashen haƙori aiki ne na watanni wanda kulawarsa ke ɗaukar shekaru, amma kasuwar tafiye-tafiye ta matse shi ta mayar da shi hajar mako guda. Rangwamen da ake yi wa matafiyi, wani ɓangarensa halattacce ne, wani ɓangaren kuwa daga kulawar bayan aiki aka yanko shi, kuma ita ce mutum ba ya jin rashinta sai bayan ya dawo gida.

Don a fahimci haka, sai an san yadda abin yake. A shekarar 1952, wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Per-Ingvar Brånemark yana binciken yadda jini ke gudana a cikin ƙashi. Ya sanya wasu 'yan na'urori na ƙarfen titaniyom a ƙashin ƙafar zomaye, da ya zo cire su sai suka ƙi fita, domin ƙashin ya girma ya rungume ƙarfen kamar nasa ne. Daga wannan ne dashen haƙori na zamani ya samo asali. Brånemark bai yi gaggawa ba. Sai a 1965 ya yi wa mutum na farko aikin, wani bawan Allah mai suna Gösta Larsson a birnin Gotenbag, wanda ya rayu da ƙarafan a muƙamuƙinsa fiye da shekara 40, har ya rasu a 2006.

Abin da ake kira dashen haƙori guda ɗaya, a zahiri abu uku ne. Akwai ƙusa mai zare wadda ake huda ƙashin muƙamuƙi a murɗa ta a ciki, ita ce ke tsayawa a madadin saiwar haƙori. Akwai ɗan wuyan da ake ɗaurawa a kanta, wanda ke leƙowa ta cikin dasashi. Sannan akwai hular da aka ƙera da siffar haƙori, ita ce ido ke gani. Tsakanin murɗa ƙusa da ɗora hula akwai jira. Tsarin da Brånemark ya kafa shi ne a bar ƙusar muƙamuƙin ƙasa kamar wata 3, ta sama kuma kamar wata 6, domin ƙashin sama ya fi taushi. Idan haƙorin ya daɗe da faɗuwa, ƙashin wurin ya riga ya zaizaye, sai an fara yi masa ciko an jira ya kama, wanda hakan kan ƙara wasu watannin. Gaskiya ne an samu ci gaba, yau akwai hanyoyin da ake ɗora haƙoran wucin gadi a ranar da aka murɗa ƙusa, kamar tsarin da likitan nan ɗan Fotugal, Paulo Maló, ya yi fice da shi na ɗora jerin haƙora sukutum a kan ƙusoshi huɗu. To amma ba kowane baki ne ya dace da wannan ba, kuma ko a nan ma, haƙoran dindindin sai bayan watanni. Ƙashi yana da nasa lokacin, bai san an yanki tikitin komawa ranar Lahadi ba.

Kafin a ga laifin matafiyi, ya kamata a tambayi abin da ya kore shi daga gida. A Birtaniya, inda ake tinƙaho da asibitin gwamnati kyauta, hukumar lafiya ta NHS galibi ba ta yin dashen haƙori sai ga wanda ciwon daji ko haɗari ko wata naƙasa ta haihuwa ta raba da haƙoransa. Sauran jama'a sai asibitin kuɗi, inda haƙori ɗaya kan ci fam 2,000 zuwa 3,000. Ko ganin likitan haƙorin gwamnati ma ya zama aiki: a 2022 binciken BBC ya gano cewa 9 cikin 10 na asibitocin haƙorin da ke ƙarƙashin NHS ba sa karɓar sababbin majinyata manya. A watan Fabrairun 2024 an ga ɗaruruwan mutane sun yi dogon layi cikin sanyi a birnin Biristol don kawai su yi rajista a wani sabon asibitin haƙori, har sai da 'yan sanda suka zo. A Amurka kuwa, asalin inshorar Medicare da tsofaffi ke dogaro da ita ba ta biyan kuɗin gyaran haƙori na yau da kullum, haƙori ɗaya na dashe kuma yana cin dubban daloli. Tsohon da ya rasa turamensa, ba ya iya tauna nama, yana jin kunyar dariya a gaban jikokinsa, idan aka ce masa ga inda za a yi masa da rabin kuɗin ko ƙasa da haka, ba kwaɗayi ne ya tashe shi ba, larura ce.

Kuma arahar tana da dalilai na gaskiya waɗanda ba su da alaƙa da ha'inci. Albashin ma'aikacin asibiti a Antaliya bai kai na Mancesta ba, haka kuɗin haya, haka ladan maƙerin da ke sarrafa hular haƙori. Likitan Amurka yana fita makaranta da bashi mai nauyi a wuyansa, yana kuma biyan inshora mai tsada saboda tsoron ƙara a kotu, duk kuwa a bakin majinyaci yake fanshewa. Ga kuma canjin kuɗi: a farkon 2020 dala ɗaya ba ta wuce lira 6 ta Turkiyya ba, zuwa 2024 ta haura lira 30. Mai fam ko dala a aljihu, a waɗannan shekarun kullum garin Allah ya waye kuɗinsa ƙara sayen lira suke yi. Wannan duka halas ne, babu abin zargi a ciki.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake sayar da aikin. Yawancin matafiya ba da likita suke fara magana ba, da dillali ne, wanda ke amsa saƙo a WhatsApp ko Instagram, kuma ladansa na ƙaruwa ne gwargwadon yawan haƙoran da aka taɓa. Mutum zai turo hoton bakinsa da ya ɗauka da waya, kafin awa guda an aiko masa da farashi da jadawalin kwanaki. Babu likitan kirki da zai yanke hukuncin dashe ba tare da ya ga hoton ƙashi ba, ya auna kaurinsa, ya san inda jijiyar muƙamuƙin ƙasa ta bi da inda kogon hanci ya tsaya a sama, ya duba lafiyar dasashi, ya tambayi mutum ko yana da ciwon suga ko yana shan taba. Idan an yi ciniki kafin a yi waɗannan, to ranar da mutum ya sauka ya hau kujera, ɗayan biyu ne: ko a ce masa aikin ya fi yadda aka zata sai ya ƙara kuɗi, alhali ya riga ya biya jirgi da otal ba shi da bakin musu, ko kuwa a danne a yi aikin yadda aka tsara ko da bakinsa bai shirya ba.

Ƙarancin lokaci kuma yana karkata hukuncin likita zuwa ga abin da ya fi sauri. Ceto haƙorin da ya fara lalacewa aiki ne na haƙuri: a wanke dasashi, a kashe jijiya, a cike, a jira a gani. Cire shi a murɗa ƙusa ya fi sauri, ya kuma fi kawo kuɗi. Haka nan abin da matasan Ingila suka yi ta yayi a TikTok, wato a je Turkiyya a dawo da haƙora farare fat, jere reras. Da yawansu sun ɗauka ɓawo siriri za a manna musu a fuskar haƙori, sai daga baya suka gane an feƙe musu lafiyayyun haƙora an mayar da su 'yan tsinkaye an kifa musu huluna. Kafin a kifa hula, akan cinye kusan kashi biyu cikin uku na jikin haƙorin da ke waje, kuma abin da aka feƙe ba ya tsirowa. Hula ba ta dawwama, bayan shekara 10 zuwa 15 galibi sai an sake. Yarinya mai shekara 22 da aka yi wa haƙora 20 ta ɗaura wa kanta hidimar da za ta yi ta biya har tsufanta. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage, domin tun kafin Bature ya san hanyar Antaliya, alhazai da hajiyoyinmu ke dawowa daga ƙasa mai tsarki da haƙorin Makka. Ado ne da shaidar an sauke farali, kuma ba ni da ja da mai sha'awarsa. Sai dai hular zinariya ko azurfar da aka kifa wa lafiyayyen haƙori cikin gaggawa, ana jibi za a tashi, idan ba ta zauna daram ba, abinci kan maƙale a gefenta, haƙorin ya riƙa ruɓewa a ɓoye ƙarƙashin ƙyalli. Wanda ya saka ta yana can wata ƙasa, likitan gida ne zai gaji matsalar. Idan haka take ga hula ɗaya da ke bisa haƙori, ina ga ƙarfen da aka binne cikin ƙashi?

Masu talla suna son ambaton cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na dashen haƙori suna kaiwa shekara 10 lafiya lau. Gaskiya ne, amma waɗannan alƙaluma daga majinyatan da ake bibiya ne, masu komawa wurin likita a kai a kai a duba su a wanke musu. Haƙorin da Allah ya halitta yana da wasu siraran zaruruwa da suka ɗaure saiwarsa da ƙashi, su ne ke sanar da mutum idan ya ciji tsakuwa a cikin shinkafa, su ne kuma ke rage ƙarfin tauna. Ƙusar dashe ba ta da su, ba ta kuma da jijiya. Saboda haka idan ƙwayoyin cuta suka taru a wuyanta, dasashi ya kumbura, ƙashin da ke riƙe da ita ya fara narkewa, mutum zai iya yin watanni bai ji zafin komai ba. Kafin ya ankara da wari ko ruwa ko girgiɗi, ɓarna ta yi nisa. Abin da ke kama wannan da wuri shi ne likitan da ke da hoton ƙashin ranar farko, yana gwada shi da na bana. Wannan likitan shi ne ba ya cikin farashin da dillali ya turo.

A 2022 ƙungiyar likitocin haƙori ta Birtaniya ta tambayi mambobinta kimanin 1,000, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka duba masu dawowa daga ƙetare sun ce sun yi jinyar matsalar da ta biyo bayan aikin. Adalci ya sa a faɗi cewa waɗannan likitoci suna da nasu muradin, tunda kasuwarsu ce ke tsiyayewa, kuma wanda aikinsa ya yi kyau ba ya zuwa ya nuna musu. Duk da haka, abin da alƙaluman ke nunawa a fili yake: idan ta ɓaci, a gida ake neman gyara, a kuma farashin gida, wanda shi aka gudu tun farko.

Gyaran ma ba kullum yake yiwuwa ba. Kamfanonin da ke ƙera ƙusoshin dashe suna da yawan gaske a duniya. Akwai manya irin su Straumann na Siwizalan da Nobel Biocare da Osstem na Koriya ta Kudu, akwai kuma ƙanana barkatai, kowanne da irin zarensa da wuyansa da abin kwance shi. Na wannan ba ya shiga na wancan. Mutum zai zo da hular da ta kwance, matsalar da ba ta wuce minti 20 ba, amma likita ya rasa abin da zai ɗaure ta da shi saboda bai san ƙirar wane kamfani ce ba, majinyacin ma bai sani ba, ba a kuma ba shi takarda ba. Tamkar ka sayo tsaleliyar mota ce da araha, ranar da ta tsaya ka zagaye kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano kaf ba ka samu kayan gyaranta ba, kowane bakanike kuma ya ɗaga hannu. Ita mota sai ka jingine ta, wannan kuwa a cikin ƙashinka take. Wani likitan ma ko yana da kayan ba zai taɓa ba, don ya san da zarar ya sa hannu, laifin aikin da bai yi ba zai dawo kansa.

Sai batun garanti. Asibitoci da yawa na alƙawarin gyara kyauta na shekara 5 ko 10, wasu har su ce na tsawon rai. Sharaɗin dai shi ne ka koma can. Kuɗin jirgi naka ne, biza taka ce, hutun aiki naka ne, kuma sau da yawa garantin kan faɗi idan ba ka riƙa zuwa dubawa a kan lokaci ba. Idan kuwa rigima ta kai ga shari'a, hukumar da ke kula da likitocin ƙasarka ba ta da iko a kan likitan wata ƙasa. Sai ka nemi lauya a can, cikin harshen da ba ka ji, a ƙarƙashin dokar da ba ka sani ba.

Ga mai karatu a Kano ko Zariya ko Maiduguri da ke ganin irin wannan talla a wayarsa, ko wanda ya saba zuwa Alƙahira ko Dubai ko Indiya ganin likita yana tunanin ya haɗa da haƙori, akwai ƙarin abin lura. Lissafin da ke yi wa Bature daɗi, a wurinmu a juye yake. Shi kuɗinsa ne ke da ƙarfi a kan na mai masaukinsa. Mu kuwa, dalar da hukuma ke sayarwa kimanin naira 460 a watan Mayun 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Dashe na gaskiya tafiya biyu yake buƙata aƙalla, ta murɗa ƙusa da ta ɗora hula, kowacce da tikitinta da masaukinta a dala. Idan aka tara, arahar kan narke tun kafin a yi maganar tafiya ta uku ta gyara. Sannan ƙwararrun da suka iya ceto dashen da ya samu matsala ba su da yawa a ƙasar nan, mafi yawansu suna manyan birane da asibitocin koyarwa. Ga ciwon suga da ya yi yawa a cikinmu, da yawa kuma ba su ma san suna da shi ba, alhali sugan da ba a shawo kansa ba yana hana rauni warkewa, yana kuma cikin manyan abubuwan da ke kayar da dashe, shi da taba sigari.

Babban laifin dai na gwamnatoci ne da suka ware baki daga sauran jiki, kamar haƙori kayan ado ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce mutum kusan biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, amma a ƙasashe da dama, masu arziki da matalauta, inshorar lafiya kan tsaya ne a leɓe. Kuma tsadar dashe ba ƙaddara ba ce da ba a iya taɓawa. Koriya ta Kudu ta shigar da shi cikin inshorar lafiya ta ƙasa a 2014, kuma tun 2016 duk wanda ya kai shekara 65 ana tallafa masa da haƙora biyu. Ƙasar Sin kuwa a 2023 ta haɗa asibitocinta suka yi sayayyar ƙusoshin dashe a dunƙule, farashinsu ya faɗi da fiye da rabi, ta kuma ƙayyade ladan aikin a asibitocin gwamnati. Inda aka yi irin wannan, tsoho ba ya buƙatar fasfo kafin ya iya tauna abinci.

Wanda duk da haka ya ga tafiyar ce ta fi masa, ba zan ce kada ya je ba, amma ya fara daga gida. Ya je wurin likitan haƙori na kusa da shi a duba bakin, a ɗauki hoton ƙashi, a gaya masa waɗanne haƙora ne za su cetu, ya kuma tambaya ko giɓin nasa zai toshu da hanya mafi sauƙi, kamar haƙoran cirewa ko waɗanda ake rataya wa maƙwabtansu. Ya auna sugansa. Ya nemi sunan likitan da zai yi masa aikin a can da shaidar rajistarsa, ya yi magana da shi kai tsaye, ba da mai amsa saƙo ba. Ya tambayi ƙirar kamfanin da za a sanya masa, sannan ya dawo ya tambayi likitan gida ko yana da kayan wannan kamfani, ko kuma zai yarda ya ci gaba da duba shi. Idan an gama, kada ya baro asibitin sai da takardar da ke ɗauke da sunan ƙusar da lambarta da girmanta, da hotunan ƙashin kafin aiki da bayansa. Duk asibitin da ya yanke masa farashi daga hoton waya, ko ya ce a cire haƙoran da likitan gida ya ce suna da sauran rai, ko ya yi masa alƙawarin kammala komai cikin mako guda ba tare da dawowa ba, to ya riƙe kuɗinsa.

Jama'a, kafin ku tambayi nawa ne, ku tambayi wa zai duba muku shi baɗi da baɗin baɗaɗa. Idan babu amsa, kada a yanki tikitin.